Shekarar da Bilkisu Ta Ɗebi Jinin Gidanmu

Maganganu biyu ake yi a kan 'yata Bilkisu a garin nan, kuma na san sun shigo har cikin gida, domin na ji su a bakin yaran da ba a ma haife su ba lokacin da abin ya faru. Ana cewa ta sayar wa Turawa jinin danginta. Ana kuma cewa ita ta kashe auren ƙaninta Nura. Ina wurin tun daga farko, saboda haka zan rubuta muku abin da idona ya gani. Abin da ban gane ba, wanda shi ya fi yawa, zan faɗa muku ban gane ba.

Abin ya samo asali ne daga ciwon Malam, mijina. Mutum ne da ba ya kwanciya ciwo, yana noman masara da waken suya a gonakin gandu da ke bayan Dayi, shi da wansa Alhaji Ilu. Sai muka ga takalminsa ya daina shigarsa. Da safe fuskarsa ta cika kamar wanda ya kwana yana kuka, fitsarinsa kuma yana kumfa kamar an zuba masa sabulu. A asibiti a Malumfashi suka tsoma wani ɗan tsinken takarda a cikin fitsarin, ya canza launi, suka ce akwai furotin da yawa. Ni kuwa na yi shekaru ina koyarwa a firamare, ina gaya wa yara furotin yana cikin wake da ƙwai da nama, shi ne mai gina jiki. Na tsaya ina kallon likitan, na rasa yadda abu mai gina jiki ya zama mugun labari. Ya ce mini ƙoda ce take yoyo, abin da ya kamata ya tsaya a jini shi yake zubewa. Daga nan aka tura mu Zariya, aka shiga wankin ƙoda. Nura ne yake ɗaukar mahaifinsa a baya daga mota zuwa ɗakin wankin, shi yake dawo da shi. Haka muka yi ta yi har Allah ya karɓi abinsa.

Ba a daɗe da gama takabata ba sai ƙafafun Asabe, ƙanwar Malam, suka fara kumbura. Bayan ita sai wani ɗan baffansu da ke zaune a sashen yamma na gidan. Nan fa kowa ya zama likita. Wasu suka ce ruwan rijiya ne, wasu suka ce maganin feshi ne da ake shaƙa a gona, wasu suka ce gado ne a jinin gidan, wasu kuma suka rage murya suka ce hannu aka sa mana. Ni duk wanda ya faɗi tasa sai in ji kamar ita ce gaskiya, har sai na ji ta gaba.

A lokacin Bilkisu tana jami'a a Zariya, ta gama digirinta ta zarce karatun bincike a ɗakin gwaje-gwaje. Bayan an gama girbi ta zo gida, ta same ni ina gyaran barkono a tsakar gida, ta zauna ta sa hannu.

"Inna," ta ce, "kin tuna gwajin da aka yi wa Baba a Malumfashi?"

"Yaya za a yi in manta?"

"Wancan gwajin furotin iri ɗaya kusan yake gani, wanda ya fi kowanne yawa. Amma a jikin mutum akwai iri dubbai."

"Dubbai? Ni ɗaya na sani, na wake."

Ta yi dariya, ta ce na wake ma ba ɗaya ba ne. Sai ta shiga yi mini bayani, kuma zan rubuta shi yadda ya zauna a kaina, idan na yi kuskure laifina ne. Ta ce idan aka ɗebi jini, ana juya shi a na'ura har ruwansa ya rabu da jan. A cikin ruwan nan akwai wasu furotin 'yan kaɗan masu yawan gaske, sun danne sauran, kamar ka tsaya a tashar Funtuwa kana son jin muryar jariri alhali masu lodi suna ta ihu. Saboda haka sai a fara tsame masu yawan a ajiye gefe. Ragowar a zuba musu wani sinadari da zai yayyanka su gutsi-gutsi, a bi da gutsattsarin ta wani siririn bututu don su fito a jere ba a cunkushe ba, sannan wata na'ura ta auna nauyin kowane gutsure. A ƙarshe kwamfuta ta duba nauyin ta ce wannan daga furotin kaza ya fito. Na tambaye ta don me za a farfasa abu sannan a dawo ana tambayar mene ne shi. Ta ce na'urar ba ta iya karanta shi da girmansa. Na gyaɗa kai kawai.

Abin da take so shi ne ta ɗebi jini da fitsarin mutanen gidanmu da na wasu gidajen, masu ciwon da masu lafiya, ta gwada su gaba ɗaya, ko za a ga wani abu da ke canzawa tun kafin ƙafa ta kumbura.

Maganar ta fi ƙarfina, sai muka kai ta gaban Alhaji Ilu, tunda shi ne babba. Ya saurare ta a zaure har ta gama, yana jan carbi.

"To, Bilkisu, idan kin gwada, za ki dawo mana da magani?"

"A'a, Baba. Ba magani ba ne."

"Za ki gaya mana abin da ya kashe ɗan'uwana?"

"Wataƙila mu samu hanya. Ban yi alkawari ba."

"Za ki gaya wa kowa ko yana da ciwon ko ba shi da shi?"

"Shi ma a'a, Baba. Bincike ne. Ba za a sa sunan kowa ba, lamba za a sa."

Ya juyo ya dube ni. "Malama Rabi, kin ji dai. Ba magani, ba dalili, ba sakamako. Ni ban ga abin da ya rage ba. Amma ke kika rasa miji, ke kuma kika haifi mai tambayar. Abin da kika ce shi za a yi."

Na kwana biyu ina juya maganar. Gaskiya ban fahimci amfanin abin ba fiye da yadda shi ya fahimta. Abin da na sani shi ne na gaji da zama ina kallon ƙafafun mutane. Duk wanda ya shigo gaishe ni, idona yana kan idon sawunsa. Ga 'yata ta zo da wani abu da za a yi, ko mene ne shi. Ranar da ta dawo da abokan aikinta da kwalabe da kula cike da ƙanƙara, ta sake yi wa kowa bayani, ta ce wanda ba ya so ya tafi abinsa ba komai. Mutane suka yi cirko-cirko. Sai na naɗe hannun rigata na zauna a kujera. Asabe ta biyo ni tana jan ƙafa. Daga nan aka yi layi, har da Nura. Alhaji Ilu bai bayar ba, bai kuma hana kowa ba.

Aka tafi da jinin Zariya aka daskarar. Na'urar da ke awon babu ita a wurinsu, sai da aka aika da wani kaso zuwa wani ɗakin gwaji a ƙasar waje da suke aiki tare. Daga nan maganar sayarwa ta fito, domin wani ya ji an ce jini ya hau jirgi. Ni na san rigar da Bilkisu take sawa a shekarar, na san sau nawa ta tafi da garin kunu daga ɗakina don ta samu abin karyawa. Wanda ya sayar da abu ba haka yake zama ba.

Watanni suka wuce shiru, har mutane suka fara mantawa. Mu kuma hankalinmu ya koma kan auren Nura. Yarinyar sunanta Zainabu, 'yar Alhaji Mamman ce ta Tsiga, mai sayen hatsi. A wurin kai masara Nura ya gan ta. An kai gaisuwa, an sa rana bayan kaka, ya yi wa ɗakinsa sabon rufi. Tun rasuwar mahaifinsa ban ji shi yana waƙa a bakin rijiya ba sai a lokacin.

Ana tsakiyar damina Bilkisu ta zo, ta rame. Bayan azahar ta kira ni ɗaki ta buɗe kwamfutarta, ta ce tana so in ga abin da jinina ya tafi yi. Na zaci rubutu zan gani, sai na ga ɗige-ɗige kamar an watsa gero a faranti. Ta ce kowane ɗigo mutum ne. Kwamfuta ta duba furotin ɗin kowa gaba ɗaya, waɗanda nasu ya yi kama ta ajiye su kusa da juna. Jajayen su ne masu ciwon, sun taru a gefe guda. Korayen masu lafiya, suna ɗaya gefen. Ta ce wannan abin murna ne, yana nufin akwai bambancin da ake iya gani. Na ce alhamdu lillahi. Sai idona ya faɗa kan wani kore guda ɗaya, yana zaune a tsakiyar jajaye.

"Wannan fa? Ya ɓata hanya ne?"

Ta kawar da kai.

"Na waye?"

"Inna, ba a faɗa. Lamba ce kawai."

"Amma ke kika rubuta lambobin da hannunki."

Ta sa hannu za ta rufe kwamfutar, sai ga Nura a bakin ƙofa, ya dawo daga banɗaki da buta a hannu. Ya ji ƙarshen maganar. Ya shigo yana wasa, ya ce a nuna masa inda yake, yana so ya ga ko a hoto ma ya fi kowa kyau. Na nuna masa jajaye da koraye yadda aka nuna mini. Shi ma idonsa bai wuce wannan ɗigon ba. Ya dubi yayarsa, dariyar ta tsaya.

"Yaya Bilki, ba sai kin faɗi na waye ba. Ki dube ni kawai ki ce ba ni ba ne."

Ta dubi ƙasa.

"Ki ce ba ni ba ne, in fita."

Bilkisu ba ta iya ƙarya ba tun tana ƙarama. Ta buɗe baki, ta rufe, hawaye ya zubo. Ya ajiye butar a hankali ya fita. Wannan shi ne duk abin da ta yi. Ba ta furta sunansa ba, a ranar ko bayanta.

Washegari na sa shi gaba muka tafi Malumfashi. Aka gwada fitsarinsa, tsinken bai canza launi ba. Aka ɗebi jini, aka ce ƙodarsa tana aiki yadda ya kamata. Likitan ya ce lafiyarsa lau, ya riƙa shan ruwa sosai, ya guji shan maganin ciwon jiki barkatai, ya riƙa leƙowa lokaci-lokaci saboda tarihin gidan. Na dawo ina ta hamdala, na ce wa Bilkisu na'urarsu ta yi kuskure.

"Ba lalle ba ne, Inna."

"To likitan ne ya yi kuskure?"

"A'a, shi ma daidai ya faɗa."

"Bilkisu, ki yi mini magana irin ta mutane. Ɗana yana da ciwo ko ba shi da shi?"

"Yau ba shi da shi. Abin da muka gani, zai iya zama farkon ciwon tun bai fito ba. Zai iya zama wani abu dabam da ba ruwansa da ƙoda. Na'urar tana gani fiye da abin da muka iya karantawa."

"To don me aka ƙera ta?"

"Don wata rana a iya karantawa."

Na zauna a bakin gado. Ni a sanina mutum ko dai yana da lafiya ko ba shi da ita. Ban taɓa sanin akwai wani wuri a tsakani da za a ajiye saurayi mai ɗaukar buhun masara a kafaɗa ɗaya ba. Idan na dube shi yana cin tuwo sai in ce ƙarya ne. Idan ya ce ya gaji sai gabana ya faɗi.

Alhaji Ilu da ya ji, ya kira mu ya ce a binne maganar a nan. Likita ya ce lafiya, shi ke nan, kada wanda ya kai ta waje. Bilkisu ma, abin mamaki, ta goyi bayansa. Ta ce wa Nura wannan ba sakamakon asibiti ba ne, bai kai a gina komai a kansa ba. Ni kuwa da safe ina tare da su, da yamma in tuna Zainabu, in tuna kaina a bakin ɗakin wankin ƙoda, in ce ashe ba hakki ba ne a rufe wa mutane? Nura ya tambaye ni ra'ayina, na ce masa ban sani ba. Gaskiyata ke nan, ba ni da wata.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya hau babur ɗinsa ya tafi Tsiga, bai gaya wa kowa ba. Da ya dawo ya same ni ya ce ya faɗa wa Alhaji Mamman komai.

"Inna, ni na goyi Baba. Na san nauyinsa a farko, na san nauyinsa a ƙarshe. Ba zan ɗauko 'yar mutane ba tare da ubanta ya san abin da na sani ba."

"Me ka sani, Nura? Mu kanmu ba mu san komai ba."

"To shi na gaya masa."

Alhaji Mamman mutumin kirki ne, kada wanda ya zage shi a gabanku. Bai yanke hukunci daga nesa ba, da kansa ya zo, ya nemi a kira masa Bilkisu. A zaure, gaban Alhaji Ilu, ya ce mata, "'Yata, ni ɗan kasuwa ne, ban yi boko ba. Kalma ɗaya nake so. Ki ce mini yaron nan ba zai yi ciwon mahaifinsa ba, gobe in ɗaura aure." Ina bayan ƙofa ina roƙon Allah ta faɗa. Ta ce masa babu wanda zai iya faɗin haka a kan kowa, ko a kan wanda ɗigonsa ke cikin koraye. Ta ce a yau Nura lafiyayye ne kamar kowane saurayi a Tsiga. Ya ce ya ji, amma sauran samarin ba a gan su a cikin jajaye ba. Ya roƙi a ɗaga ranar zuwa baɗi a ga abin da Allah zai yi. Kafin baɗin, dangin uwar yarinyar sun ji, maganar ta zama Nura yana da ciwon ƙoda, daga baya ta zama an ba shi shekara biyu. Aka dawo mana da kayanmu cikin mutunci. Zainabu ta auri wani a Bakori.

Nura bai yi wa yayarsa faɗa ba, da ma ya yi. Gaisuwa ce kawai ta rage a tsakaninsu. Idan ta zo gida sai aiki ya taso masa a gona. Alhaji Ilu har ya rasu yana cewa shi dai ya tambaya tun farko mene ne amfanin abin. Asabe ma ta rasu a shekarar da ta biyo bayan fasa auren.

Daga baya, da Bilkisu ta ƙara karatu a kan abin, ta tambaye ni yadda Nura yake a makon da aka ɗebi jinin. Na tuna bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, kuma da safen ranar lodin buhuna ya yi cikin rana kafin ya zo layi. Ta riƙe kai. Ta ce zazzaɓi da aikin ƙarfi duk suna motsa furotin a jiki, wataƙila abin da suka gani ke nan. Na ce to ai shi ke nan, a je a faɗa. Ta ce wataƙila ta ce, ba ta ce tabbas ba. Mutanen da suka gwada ba su da yawan da za a yanke magana. Ta samu digirinta da aikin, kuma ta ce akwai wasu furotin 'yan kaɗan da suka gano waɗanda masu bincike a wasu wurare suke bi har yanzu. Ina alfahari da ita. Amma idan kuka tambaye ni ko rijiya ce, ko feshi, ko gado, yau ma ban sani ba.

Nura ya auri Hauwa, Allah ya ba su zuri'a, ƙafarsa ba ta taɓa kumbura ba. Yana zuwa asibiti a duba shi kamar yadda aka ce, kullum amsa ɗaya ce.

A Babbar Sallar bara Bilkisu ta zo. Muna zaune ana suyar nama, sai ta ce da shi, a gabana, yanzu an samu sabuwar hanya da ke gani fiye da ta da, kuma an fi sanin ma'anar abin da ake gani. Ragowar jininsa na wancan lokacin yana nan a daskare. Idan ya yarda za ta sake gwada shi tare da sabo, wataƙila wannan karon a samu amsa. Ba za ta taɓa ba sai da izininsa.

Ya daɗe yana juya naman a kasko. Ban taɓa jin ya yi mata doguwar magana ba tun waccan daminar.

"Yaya Bilki, idan kika gwada aka ce akwai, kin san abin da zai faru da gidan nan. Wannan na gane shi." Ya ɗago ya dube ta. "Idan kuma aka ce babu, tun farko ma babu komai, wa zan je in gaya wa?"

Alhaji Mamman ya rasu tuntuni. Zainabu tana ɗakinta da 'ya'yanta. Nura ya tsamo tsoka ɗaya ya sa a faranti ya tura gaban Bilkisu, ya ce ta ci tun da zafi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma har ranar da nake wannan rubutu jinin yana can Zariya cikin ƙanƙara, tana jiran ya yi magana.